Masu Kwamfuta Suna Ta Gyara Alƙalaminsu, Mu Yaushe Za A Gyara Namu?

Jama'a, akwai wata sana'a da ba a kasa kayanta a kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri, amma da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu taɓa aikin masu ita ba. Sana'ar ita ce ta masu rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umurni, wato mutanen da ke zama su tsara abin da salularmu za ta yi idan mun danna nan ko can. Duk saƙon da muka aika, duk kuɗin da aka turo mana ta Nita ko Amana, wani ne ya zauna ya rubuta yadda abin zai gudana, layi bayan layi. Su ma waɗannan mutane suna da allonsu da alƙalaminsu, wato wata manhajar rubutu da suke buɗewa a kwamfuta su yi aikinsu a ciki, kuma a kai a kai sai a ji an fitar da sabon samfurinta an ƙara mata wasu dabaru.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mai sayar da ƙuli-ƙuli a Matankari ko dillalin wake a Kore Mairuwa da alƙalamin masu kwamfuta? Abin da ya haɗa mu shi ne mu ma marubuta ne, ko da ba mu ɗauki kanmu haka ba. Kullum muna rubuta sunan wanda ya ɗauki kaya, da yawan abin da ya ɗauka, da ranar da ya yi alkawarin biya. Da can a kaye muke yi, ko a bangon shago da gawayi, ko a bayan kwalin sukari. Yau kuwa rabin wannan rubutu ya koma cikin salula, musamman ta WhatsApp. To, idan muka dubi irin gatan da masu kwamfuta suka yi wa rubutunsu, muka kwatanta da abin da aka miƙo mana mu yi namu da shi, za mu ga an bar mu a baya, kuma barin yana cin kuɗinmu da zumuncinmu.

Bari mu fara da ganin abin da suke da shi. Daga cikin manhajojin rubutun da suka yi suna akwai Vim, wadda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Bram Moolenaar ya fitar a 1991, da Notepad++ wadda Don Ho ya fitar a 2003, da kuma Visual Studio Code ta kamfanin Microsoft da ta fito a 2015. Dabarun da ake ta ƙara musu duk suna zagaye ne a kan abu ɗaya, kada mai rubutu ya yi kuskure, in kuma ya yi a gane da wuri. Idan mutum ya fara rubuta kalma, manhajar ta ƙarasa masa. Idan ya manta wata alama, ta ja masa jan layi a wurin. Idan yana neman suna ɗaya cikin shafi dubu, ta fito masa da shi kafin ƙiftawar ido. Idan ya goge abu bisa kuskure, ya danna ya dawo da shi. Babbar dabarar kuma ita ce ta adana tarihi. Da taimakon wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, duk gyaran da aka yi wa rubutu aka ajiye yana nan da sunan wanda ya yi, da ranar da ya yi, da abin da ke wurin kafin ya taɓa.

Me ya sa suka samu wannan gata? Domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne masu amfani da kayan, su ne kuma maƙeransa, kuma ba sa yin shiru. Duk wanda ya ga inda alƙalamin ke cije masa sai ya kai kuka ga masu shi, in ya iya ma ya gyara da kansa ya miƙa musu. Yawancin waɗannan manhajoji kyauta ne. Shi Moolenaar, har ya rasu a watan Agusta na 2023, abin da ya riƙa roƙon masu jin daɗin Vim shi ne su taimaka wa marayu da yara mabukata na Kibaale a ƙasar Uganda. Kenan abin bai tsaya ga neman riba kaɗai ba, buƙata ce aka faɗa da baki aka kuma biya ta. Mu kuwa, duk abin da aka zuba mana a salula sai mu karɓa hannu bibbiyu, in ya cuce mu mu ce ƙaddara.

Kada a ɗauka muna raina abin da salula ta yi mana. Wata masaniya da ta koyar a jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan ta gano cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa a fili yake, ɗan kasuwa ya daina ɗaukar mota ya je Ƙonni ko Gaya don kawai ya ji nawa ake sayar da buhu. Daga 2009 kuma ita da abokan aikinta, tare da ƙungiyar CRS, suka gwada koyar da manya yaƙi da jahilci da salula a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram, cikin Hausa da Zabarmanci, aka ga waɗanda aka haɗa musu da salula sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Wannan ya isa shaida cewa mutanenmu, maza da mata, suna iya rubutu a waya idan an nuna musu. Matsalar tana ga alƙalamin da aka ba su, kuma a wurare uku yake cije mana.

Wuri na farko shi ne haruffa. Hausa tana da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma ba don ado aka yi su ba. Kaya daban, ƙaya daban. Kara daban, ƙara daban. Ku ɗauki misalin yaron shago da maigidansa ya aika ya kai wa wata Hajiya cikon kuɗinta, sai ya turo saƙo ya ce “na bata kudin”. Shin ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata kuɗin? Ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya su ne tsakanin yaron kirki da wanda za a kai gaban sarkin kasuwa. Ga kuma wata masifar, yawancin wayoyinmu a Faransanci aka saita su, saboda haka wayar tana ɗaukar kowace kalmar Hausa a matsayin kuskure, ta canja ta da wata kalmar Faransanci da ba mu nufa ba. Dabarar da aka yi don ta gyara wa mai rubutu, mu ɓata mana take yi.

Abin takaicin shi ne an daɗe da gama wannan aiki. Tun shekarun 1930 ake buga Hausa da haruffa masu ƙugiya a Zariya. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako kan yadda za a rubuta harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance, wadda a cikinta muke rubuta ƴ a inda maƙwabtanmu na Nijeriya ke sa waƙafi a gaban y. Kundin haruffan duniya da kwamfutoci da wayoyi ke aiki da shi, wanda ake kira Unicode, ya ƙunshi waɗannan haruffa tun farkon shekarun 1990. Allon rubutu na Gboard da ke zuwa a wayoyin Android da yawa yana da Hausa cikin jerin harsunansa, shiga wurin saiti kawai za a yi a zaɓe ta, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Amma mu tambayi kanmu, cikin masu sayar da waya da masu gyaranta da masu cajinta a tashar Dutsi, nawa ne suka taɓa saita wa mai saye wannan ba tare da ya roƙa ba? Mai sayen kuma ta yaya zai roƙi abin da bai san da shi ba?

Yanzu ma maganar ta wuce ta son rai. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan haka ne, muna da bakin da za mu tambayi kamfanonin waya da na aika kuɗi dalilin da zai hana saƙon da ke gaya wa mace an turo mata kuɗi ya zo da harshen da take ji, da haruffansa cikakku. Haka nan ƴan uwanmu Zabarmawa da Fulani da Buzaye da muke cin kasuwa ɗaya da su, su ma harsunansu suna da haruffan da ya kamata a samu a waya. Harshen da aka ɗaukaka a takardar gwamnati amma ba ya fitowa a rasit, ɗaukakarsa ba ta iso kasuwa ba tukuna.

Wuri na biyu, wanda ya fi na farko haɗari, shi ne gyaran saƙo. A watan Mayu na 2023 WhatsApp ya ƙara wata sabuwar dabara, mutum yana iya gyara saƙon da ya riga ya aika matuƙar bai wuce minti 15 ba. Idan an gyara, wata ƴar kalma tana fitowa a gefen saƙon, a wayar da ke Faransanci “Modifié” take cewa, amma ba a nuna abin da aka rubuta da farko. Kafin wannan, tun 2017 akwai dabarar goge saƙo daga wayar mai aikawa da ta wanda aka aika wa, kuma a 2022 aka tsawaita wa'adinta zuwa kwana biyu da ɗoriya. A 2020 aka kawo saƙonni masu ɓacewa da kansu, a ƙarshen 2023 kuma aka kawo saƙon murya da ake saurara sau ɗaya tak ya tafi. Ga masu hira da masu neman sirri, waɗannan abubuwa alheri ne, kuma don su aka yi. Ga ɗan kasuwa kuwa, an ba shi kaye ne wanda abokin cinikinsa ke riƙe da magogi.

Mu ɗauki misali. Wata uwa a Gesheme tana sayar da gyaɗa ga wani mai saye a Yamai. Ya rubuto mata cewa ya ɗauki buhu goma a kan jika ashirin da biyar kowane, ɗanta ya karanta mata, ta ce ta sallama, aka shiga neman mota. Kafin minti 15 su cika sai mai sayen ya koma ya mai da kuɗin jika ashirin da uku. Ranar biya ta zo, ya nuna saƙo, ita ma aka buɗe tata wayar, abin da ke ciki ke nan. Wa zai tsaya mata? Ƴar kalmar nan ta Faransanci da ke gefe ita kaɗai ce shaidarta, ita kuwa ba ta ma san da ita ba, kuma ko an gan ta ba ta faɗin abin da aka canja. Ba muna cewa kowane mai saye macuci ne ba, akasarinsu mutanen kirki ne, wani ma da gaske kuskure ya yi ya gyara. Amma ko tsakanin mutanen kirki biyu, idan babu abin da za a koma a duba, zargi ne ke shiga, kuma zargi ya raba abokan ciniki na shekara ashirin.

A nan ne bambancinmu da masu kwamfuta ya fito fili. Su da suka san halin na'ura ciki da bai, ba su yarda su yi aiki da rubutun da ba ya ajiye tarihinsa ba, ko tsakaninsu da abokan aikin da suka amince da su. Mu kuwa muna ɗora dukiyar shekara a kan saƙon da ake iya gyarawa ko gogewa daga nesa. Wannan bai kamata ya zama sabon darasi gare mu ba, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Rubutun da ɗaya daga cikin masu ciniki zai iya canjawa shi kaɗai bai cika wannan manufa ba.

Wuri na uku shi ne lissafi. Mu nan da dala muke ƙirga kuɗi. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Idan mace ta ce ɗari a bakin rumfa, kowa ya san 500 take nufi. Amma idan aka rubuta 100 a waya fa? Ɗan lakkal zai karanta sefa ɗari, uwarsa za ta ji dala ɗari, abokin cinikinmu na Kangiwa ko Argungu kuma zai ɗauka naira ɗari. Lamba ɗaya, kuɗi uku. Tun da naira ta shiga tangal-tangal a tsakiyar 2023 kuwa, bashin da aka rubuta ba a faɗi ko da wane kuɗi za a biya ba, ko da canjin wace rana, rigima ce aka ajiye. Haka abin yake ga awo, tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba, buhu ma akwai babba akwai ƙarami.

Kada mu ga kamar wannan ƙaramin abu ne da ya shafi marasa ilimi kaɗai. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, wanda aka kashe wa kimanin dalar Amurka miliyan 125, saboda wani rukunin ma'aikata ya yi lissafi da awon Ingilishi na fam, ɗaya rukunin kuma ya ɗauka da awon mita da kilo aka yi. Lamba ba tare da sunan awonta ba ta kayar da manyan injiniyoyi, balle mu. Shi ya sa a yawancin harsunan da ake rubuta manhaja da su, dole ne a san kowane abu irin me ne, kuma alƙalamin nasu yana jan kunne idan an haɗa abin da bai haɗu ba. Namu alƙalamin bai san dala ba, bai san jika ba, bai taɓa jin tiya ba.

Mun san akwai masu cewa kasuwa amana ce, kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja ba su da kaye ba su da salula. Gaskiya ne amana ita ce jari na farko. Amma a tuna, ayarin fataken goro ba madugu da jagaba kaɗai gare shi ba, akwai malamin ayari, kuma attajiran da suna aika wa juna wasiƙu da ajami. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a yankin Maraɗi a 1991 har tsarinsu ya bazu zuwa ƙasashe da dama, sun riƙe lissafin asusunsu da ka, amma a gaban taro suke yi, kowace mace shaida ce a kan ƴar uwarta. Cinikin waya ba shi da taro, mutum biyu ne, wani lokaci ma ba su taɓa ganin juna ba. Sannan bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mutuwa ba ta sallama. Gidaje nawa muka sani a Arewa da maigida ya rasu da lissafinsa a ka, ko a cikin wayar da babu wanda ya san lambar buɗe ta, aka bar marayu da matan mamaci suna jin ana cewa “ai na biya shi tun yana da rai”?

Wasu kuma za su ce ai ga saƙon murya, wanda bai iya rubutu ba ma yana yi. Haka ne, kuma a ƙasar da ƙididdiga ta nuna manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai 4 cikin 10 ba, saƙon murya rahama ne. Sai dai murya ba ta bincikuwa. Wanda ke neman ranar da aka yi cinikin dankalin turawa wata uku da suka wuce sai ya saurari saƙo ɗari kafin ya dace. A watan Nuwamba na 2024 WhatsApp ya kawo dabarar mai da saƙon murya rubutu, amma da aka ƙaddamar da ita babu Hausa cikin harsunanta. Ga shi kuwa ba gagara abin ya yi ba, tun 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, Facebook ma ya fito da Hausa a 2016. Inda kamfanoni suka ga jama'a na nema, suna yi. Akwai kuma maganar sirri, macen da sai ɗanta ko yaron maƙwabta ya karanta mata saƙo, jarinta da bashinta duk a tafin hannun wani suke.

Wani abin da masu ƙara dabaru ba sa tunawa da shi shi ne halin da muke aiki a ciki. Kowane sabon samfuri ya fi na baya nauyi, yana cin wuri, yana cin kiredi kafin a sauke shi. Daga watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Android da ba su kai samfuri na 5 ba, mai irin wannan waya sai dai ya sayi sabuwa. Ba mu manta ba kuma da yadda Nijeriya ta yanke mana wutar lantarki a watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024, lokacin da cajin waya ya zama abin nema. A ƙauyukan Dogon Kiriya da Sukukutan akwai inda sai an hau tudu ake samun rezo. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta ranar kasuwa, tana mutuwa ba gargaɗi. Saboda haka duk mai gaya mana mu jefar da kaye mu koma waya ɗungurungum, bai san Arewa ba.

To, mene ne abin yi? Na farko yana hannunmu, kuma ba ya buƙatar ko dala. Duk cinikin da aka yi ta waya, mai karɓar saƙo ya maimaita shi da nasa rubutun ko da tasa muryar, ya faɗi kaya, da yawansu, da kuɗin, da ranar biya, domin abokin ciniki ba ya iya gyara saƙon da ba shi ya aika ba. A ɗauki hoton fuskar wayar nan take. Kada a rubuta lamba tsirara, a ce sefa ko dala ko naira, a ce tiya ko buhu. A duba kada a yi ciniki a zauren hirar da aka kunna saƙo mai ɓacewa. Da yamma kuma a kwafe komai cikin kaye, babban bashi a sa masa shaidu biyu, a kuma samu mutum ɗaya amintacce a gida da ya san inda kayen yake. Iyayenmu mata, ku sa a nuna muku ƴar kalmar nan da ke nuna an taɓa saƙo, ko ba ku iya karanta ta ba za ku gane siffarta.

Na biyu yana wuyan shugabanninmu na kasuwa da ƙungiyoyinmu. Su zauna da masu sayar da waya da masu gyara a Dutsi da Tibiri da Dumega da Ɗankasari, a yi yarjejeniya cewa duk wayar da za ta fita daga hannunsu a saita mata allon rubutun Hausa. Gidajen rediyon yankinmu su ware ko minti goma a mako su bayyana wa jama'a duk sabon abin da aka ƙara a waya, amfaninsa da haɗarinsa. Azuzuwan yaƙi da jahilci su haɗa da rubutun waya, tun da an gwada a jiharmu an ga amfaninsa. Sannan ƙungiyoyin su rubuta wa kamfanonin waya da na aika kuɗi, da hukumar ARCEP mai sa musu ido, a nemi saƙonni da rasit cikin harsunan ƙasa. Kuka ɗaya ba ya isa Yamai, amma na kasuwanni goma zai isa.

Na uku kira ne ga ƴaƴanmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014, waɗanda da yawansu da kuɗin ƙosai da na ƙuli-ƙuli aka biya musu kaye da biki. Kun ga irin alƙalamin da kuke aiki da shi, ku ƙera wa iyayenku irinsa daidai da hannunsu. Ba wani abin al'ajabi muke nema ba. Muna son kayen bashi na waya da ke magana da Hausa, mai rubuta haruffanmu daidai, wanda idan an sa lamba zai tambaya dala ce ko sefa ko naira, wanda ke karanta wa mutum abin da aka rubuta da murya, wanda ke aiki ba rezo a ƙaramar waya, wanda kuma idan an gyara abu zai bar na farko a gani tare da ranar da aka gyara. Kafin ku fara, ku zo ku yini a rumfa ku ga yadda ake ciniki, ku tambayi masu awo da dillalai da masu adashe. Wanda ya yi wannan da kyau ba zai rasa masu saye ba, daga Dallol Mawri har Kano.

Masu kwamfuta ba su fi mu buƙatar rubutu mai aminci ba. In sun yi kuskure manhaja ce ke tsayawa su gyara, mu in an yi mana kuskure jarin gida ne ke tafiya. Abin da suka fi mu da shi kawai shi ne sun san abin da suke so kuma suna faɗa. Mu ma mu fara faɗa, tun daga kan mai gyaran wayar da ke bakin kasuwa har zuwa manyan kamfanoni. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya raba mu da rigimar bashi, ya kuma ba mu ikon cika alkawari.